Basamuden da Ya Tafi Ba Fuska

Mijina na fari mai fenti ne. A unguwar Hausari ta Yerwa, wato Maiduguri, muka zauna, a wani gida mai ɗaki biyu bayan layin maƙera, kuma mai neman gidanmu ba ya buƙatar dogon kwatance, hancinsa ne zai kawo shi. Matan Yerwa da turaren wuta aka san su, ni ma ina da kaskona da humrata kamar kowa, amma warin fenti da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya fi ƙarfinsu. Ko gidan biki na shiga, sai wata ta karkato ta shinshina gyalena ta ce, "Matar mai fenti ta iso."

Shi mutumin Konduga ne, ɗan manoma, Hausarsa da karin Barebari a kanta har ya bar duniya. Ya shigo birni yana saurayi, ya sami aikin goge motoci a wani gareji, a nan aka koya masa feshi da babbar bindigar fenti, wadda ake yi wa mota launi ɗaya daga goshi har baya. Amma tun yana yaro hannunsa na zane ne. Ya ce a jikin rumbun babansa ya fara, da gawayi, kuma ya sha duka a kai. Da ya bar garejin sai ya koma yi wa motocin kaya ado: furanni, tsuntsaye, zaki, da 'yan kalmomin nan da direbobi suke so a rubuta musu.

Sauran masu wannan sana'a da buroshi suke yi. Shi kuwa ya haɗa wa kansa wani ɗan abin feshi da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Kan wata kwalbar turarena ya cire, irin mai ƙwallon roba da ake matsawa, ya kai wa maƙeri ya liƙa mata siririn bututun tagulla da allura a ciki. Ya ja tiyo daga nan zuwa wani ƙaramin tanki, tankin kuma ana cika shi da iska da famfon tayar mota, irin wanda ake takawa da ƙafa. Idan ya danna, fenti ya fito kamar hayaƙi, ya kwanta a jikin ƙarfe sumul, ba sawun buroshi ko ɗaya. Shuɗi ya narke ya koma fari, ba ka iya nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Hannayensa biyu suna kan aiki, famfon kuwa yana son mai takawa. Ni ce mai takawar. Allah bai ba mu haihuwa ba, saboda haka tsakar gidan tamu ce mu biyu. In ɗora tukunya, in zo in dafa bango da hannu ɗaya in hau famfo. Ba ya waiwayowa, sai dai in ji, "Taka, 'yar Hausari." Can kuma, "Sassauta." Har na kai ba sai ya faɗa ba, daga motsin kafaɗarsa nake gane yawan iskar da yake so. Ƙafata ta dama ta fi ta hagu kauri a shekarun nan, yana tsokanata yana cewa ya auri mace mai ƙafar ɗan dambe.

Ba a daɗe da isowar jirgin ƙasa Maiduguri ba sai wani ɗan kasuwa ya yi sallama a ƙofarmu. Ibo ne, Kirista, yana da shagon kayan gyaran mota a babbar kasuwa, a wurinsa mijina yake sayen fenti. Ya daɗe a garin, har ya fi ni jin Barbarci. Ya sayi motar kaya da zai riƙa kai bandar kifi kudu da ita, ya sa an lulluɓe ƙyauren bayanta da fallen ƙarfe, aka turo ƙyauren a amalanke har cikin gidanmu. Da ƙyar ya shige ta zaure. Da aka jingina shi da bango sai ya rufe tagar ɗakina gaba ɗaya.

Na kai musu ruwa, na tsaya a bayan ƙofa ina jin su.

"Zaki nake so," in ji ɗan kasuwar. "Babba, baki a buɗe."

"Maigida, je ka tasha ka duba," in ji mijina. "Kowace mota da zakinta. Har sun yi yawa, dajin ba zai ɗauke su ba."

"To me za ka yi mini?"

Sai mijina ya ba shi labarin da kakarsa take ba su suna yara, na mutanen da suka zauna a ƙasar nan kafin kowa, waɗanda Barebari suke kira Sau, mu Hausawa mu ce Samudawa. Ya ce ɗayansu yana fita farauta da safe, ya dawo da giwa a kafaɗa kamar yadda makiyayi yake saɓo ɗan akuya. Idan ya shiga Tafkin Chadi ruwan a idon sawu yake tsaya masa.

"Shi zan zana maka," in ji shi. "Yana ratsa tafki, giwa a wuya. Motarka ma ai aikinta ke nan, ɗaukar abin da ya fi ƙarfin mutane."

Ɗan kasuwar ya yi dariya har da tafa cinya. Ya ce, "Idan ya yi muni, kai za ka zauna a bayan motar ka riƙa ba mutane haƙuri."

Ya ce ba gaggawa, zai riƙa tare bayan motar da katako da igiya kafin a gama, ai banda ba ta tsalle.

A ƙarshen bazara muka fara. Mijina ya goge ƙarfen da samfefa har yatsunsa suka sale, ya wanke shi da tina, ya fesa masa farin fenti na shimfiɗa, muka jira ya bushe. Sannan ya zana siffar da alli. Ya yanka kwalaye gwargwadon kowace gaɓa, domin idan yana fesa sama ya rufe Basamuden da kwali, idan yana fesa Basamuden ya rufe sama. Sararin samaniya ya fara yi, ja a ƙasa kamar faɗuwar rana, yana hawa yana komawa ruwan ɗorawa, can ƙoli ya zama shuɗi mai duhu. Sai tafkin, da ciyayinsa, da wasu 'yan kwale-kwale da ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, domin mai kallo ya gane girman wanda ke tafe.

Giwar ta ba shi wahala. Bai taɓa ganin giwa da idonsa ba, sai a jikin kwalin ashana. Ya yi ya shafe, ya sake ya shafe. Wata rana na ce masa kunnenta ya yi kama da faifai. Ya yi fushi, bai ci abincin rana ba. Da la'asar na ga ya ɗauko kwali yana yanka sabon kunne, ni ma na hau famfo.

Jikin Basamuden ne ya sa maƙwabta suka fara leƙowa. Ya yi shi baƙi mai sheƙi, ya bi bayan damatsansa da siririn haske, har ka ga kamar gumi ne ke tsatstsafowa. Jijiyoyin wuyansa sun tashi saboda nauyin giwar. Ya sa masa warki da guru, da gwangwala a hannu wadda a gaskiya itacen giginya ce sukutum, da ganyenta a kai. Wani dattijo maƙwabcinmu ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ka dai san hukuncin mai siffanta abu mai rai." Mijina ya ce ya sani, Allah Ya yafe mana. Maganar ta ɗan taɓa shi, na gani, amma washegari ya ci gaba.

Wurin fuska kaɗai ya bari, farin fili kamar tasa, da kwali a manne a kai. A kowane aiki fuska ce ƙarshe a wurinsa. Ya ce sai ya zauna da jikin ya san halinsa tukuna, sannan ya san irin idon da zai sa masa.

Tari kuwa dama yana da shi tun kafin mu yi aure, irin na masu feshi. Sun yarda a tsakaninsu cewa nono yana wanke fenti daga ƙirji, saboda haka kullum sai na saya masa ƙwarya guda wurin wata Bashuwa da ke zagayowa unguwarmu. Ƙyallen da na ɗinka masa na rufe hanci sai na yi magana yake ɗaurawa, da na juya ya ja shi ƙasa, wai yana hana shi gani. Aiki da ƙaramin bututun nan kuwa sai ka kai fuskarka dab da ƙarfe. Ranar da ya yi sama, shuɗi ya riƙa tofarwa. Ranar da ya yi ciyayi, kore. Muna dariyar abin. Da damina ta zauna, wata safiya ya tofar na ga ja, na ce masa, "Yau ai ba ka taɓa jan fenti ba." Ya taka wurin da takalmi ya murza, ya ce ragowar na jiya ne. Jiya kuwa ba mu yi aiki ba, ruwa aka wuni yi.

Ɗan kasuwar ne ya kai shi asibiti a gaban motarsa. Suka dawo da kwalaben magani da umarnin likita: kada ya ƙara shaƙar fenti. Na ɗauke bututun na ɓoye a cikin kwallata. Bai nema ba, domin a lokacin ko tashi zuwa bayan gida sai na riƙe shi. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Da rana nakan shimfiɗa masa tabarma a inuwar bishiyar maina, sai ya ce in juya shi ya fuskanci ƙyauren. Haka zai kwanta yana kallon farin filin nan.

Mahaifiyarsa ta zo daga Konduga da sassaƙe-sassaƙe da tulun man shanu. Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "wancan". Da ta ga ƙyauren ta ja baya, ta ce mini da 'yar Hausarta, "'Yata, wannan ne yake shanye shi. A fitar da shi." Na ce na mutane ne, Iya, ba a gama ba. Ta ɗauko tsohon zane ta rufe shi. Da ta koma gida don gona ta yi kira, shi da kansa ya rarrafa ya janye zanen.

Ɗan kasuwar yana zuwa duk ranar Lahadi bayan sun taso daga coci. Wani lokaci da matarsa, wata doguwar mace mai yawan dariya, ta kawo farfesun kifi mai yaji ta ce yana buɗe ƙirji. Shi ya zauna a bakin tabarma ya gaishe shi da Barbarci ya ce, "Wushe, mai fenti. Ina kan mutumina? Har yanzu bai iso ba?"

"Yana hanya, Maigida. Mai giwa a wuya ba ya sauri."

"Bar shi ya huta. Kai ma ka huta. Motar tana tafiya ko ba shi."

Wajen ƙarshen damina ya ɗan ji sauƙi, har yana zama da kansa. Ya fara yanka ƙananan kwalaye, na ido, na hanci, ya jera su a kan cinya yana gwadawa. Ya ce in fito masa da bututunsa, ya san inda na sa. Na ce sai bayan girbi. Ya ce to.

A daidai lokacin ne gari ya rikice. Shekarar dama ba ta da daɗi, tun farkonta ake jin labarai a rediyo, amma mu a tsakar gida muna ganin abin na manya ne, can nesa. Sai ga shi ya iso. Aka rufe kasuwa, aka riƙa jin ihu daga wajen tasha, hayaƙi ya tashi a wasu unguwanni. Mutanen kudu da muka saba da su, mai ɗinki, mai burodi, malamin makaranta, kowa yana neman hanyar tsira da iyalinsa. Ba ni da ilmin da zan bayyana abin da ya kawo wannan. Abin da na gani a ƙofar gidana kawai zan faɗa.

Da hantsi muka ji motar kaya ta tsaya a layinmu, ba a kashe ta ba. Ɗan kasuwar ya shigo ba sallama, shi da direbansa da wasu maza biyu. Rigarsa a yage take a kafaɗa. Bai zauna ba.

"Ƙyauren na zo ɗauka," in ji shi. "Mutane ne a baya yanzu, mata da yara. Igiya ba za ta riƙe su ba."

Mijina ya dafa bango ya miƙe. "Ba ni zuwa azahar, Maigida. Fuskar kawai. Na riga na gan ta."

"Babu azahar, ɗan'uwana."

"To rabin hantsi. Ke, ɗauko bututun! Taka mini!"

Na shiga da gudu na zazzage kwallar. Kafin in fito sun riga sun ɗaga ƙyauren, suna fama da shi a zaure. Na kinkimi famfon da tankin na bi su waje, ni da ban saba fita ba gyale ba. Motar ta cika maƙil, ba wurin sa ƙafa: katifu, akwatuna, keken ɗinki, tsofaffi a zaune a kan buhuna, yara a kan cinyoyi. Matar ɗan kasuwar tana can gefe da jariri wanda ba nata ba. Ta dube ni, na dube ta. Na rasa gaisuwar da ta dace.

Suna ɗaura ƙyauren, mijina yana zuba fenti a ɗan gwangwanin bututun, rabi yana zubewa a ƙasa. Ya ɓamɓare kwalin da ke kan fuskar. Na hau famfo na taka iya ƙarfina. Ya ɗaga hannu, sai tari ya turnuƙe shi, ya durƙusa a bayan motar. Ɗan kasuwar ya sunkuya ya zare bututun daga hannunsa a hankali, ya miƙo mini. Ya ɗaga shi ya zaunar da shi a dakalin ƙofa, ya riƙe kansa da hannu biyu, ya yi masa magana da Barbarci. Ban ji duka ba. Na dai ji ya ce idan ƙasa ta kwanta zai dawo da motar har ƙofar nan, a ƙarasa.

Suka sa sakata, ɗan kasuwar ya hau gaba, motar ta ja. Muka bi ta da ido har ƙarshen layi. A rana tsaka zanen ya fi yadda yake a tsakar gida kyau nesa ba kusa ba, ja da shuɗin suna walƙiya, giwar kamar za ta motsa. A saman ƙyauren kuwa kawunan yara ne a jere suna leƙen mu.

Daga ranar bai sake tambayar bututun ba. Da aka buɗe kasuwa ya riƙa sa ni in aika wa direbobin da ya sani, waɗanda ke bin hanyar Jos, ko wani ya ga motar. Wani ya ce kamar ya wuce ta a Potiskum. Wani ya ce bai gani ba. Wani ya ce ya ga motoci da yawa a gefen hanya, bai tsaya dubawa ba. Daga baya na daina kai masa amsa, shi ma ya daina tambaya.

Bayan girbi ƙaninsa ya zo ya ɗauke mu zuwa Konduga, wai ko iskar ƙauye za ta yi masa. Muka zauna a ɗakin da aka haife shi. A can ne, wata la'asar ina yi masa fifita, ya faɗa mini fuskar. Ya ce da farko ya yi niyyar ya yi ta da fushi, haƙora a waje, don mai bin motar ya tsorata ya ba da tazara. Amma da ya kwanta ciwo yana kallon wuyan nan da jijiyoyin, sai ya gane mutumin ba fushi yake ba, ya gaji ne, yana so ya kai gida ya sauke. Ya ce zai ɗan rufe masa ido, ya sa masa furfura kaɗan a gemu, ya buɗe bakin kamar mai numfashi. Yana faɗa yana zanawa da yatsa a bayan hannuna. Ya ce, "Da iska kaɗan za a yi ta. Da ba ki wahala ba ranar."

Da bazara ta shigo ya cika, ranar wata Alhamis da rana, kansa a cinyar mahaifiyarsa. Ban yi kuka a lokacin ba. Na tashi na ɗora ruwa, na share ƙofar ɗaki saboda masu zuwa. Sai da maza suka dawo daga maƙabarta, na ga ƙaninsa ya shigo da tabarmar da aka ɗauke shi a ciki a naɗe a hammata, sannan kukan ya zo mini.

A can na yi takaba. Da na fita na koma gidan mahaifina a Hausari, daga baya na yi wani aure a unguwar Dala, nan cikin Maiduguri, wurin mutumin kirki, har Allah Ya ba ni 'ya'ya a gidansa. Yaƙi ya zo ya wuce, wasu daga cikin mutanen kudu suka dawo suka buɗe shagunansu. Na sa an tambaya mini a kasuwa. Ba wanda ya san inda ɗan kasuwar da matarsa suka ƙare, ko sun isa, ko ba su isa ba.

Tsohuwar ta daɗe bayan ɗanta. Mijina na biyu bai taɓa hana ni ba, duk kaka sai na je Konduga na kwana biyu wurinta. Hausarta ba ta ƙaru ba, Barbarcina ma haka. Takan shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, ta zubo wake a tsakaninmu, mu yi ta ɓarewa har rana ta yi sanyi. Wani lokaci ta ɗago ta ce, "Wancan..." sai ta ci gaba da ɓare wakenta. Ni ma ba na tambayarta abin da za ta ce.